Aina'u da Sashe na Tara

Shekarar da ɓarayin daji suka fara tsallako iyaka daga yamma suna faɗa wa ƙauyukan ƙasar Shanono, mutanen Kwanar Ɗinya suka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai. Sama'ilu bai shiga da wuri ba. Manomi ne mai gero da gyaɗa da 'yar fadamar albasa, mutum marar hayaniya, ko a kasuwa ba a cika jin muryarsa ba. Sai da aka kwance masa shanun huɗa biyu ana tsakar damina, da rana tsaka, yana durƙushe cikin kunyar gonarsa da bakin bindiga a ƙeyarsa, sannan ya je ya ba da sunansa.

Shugabansu Nababa ne, tsohon mafarauci, gajere mai faɗin ƙirji, da tabon sara tun daga kunne har wuya. Kwamanda ake ce masa, kuma ba a banza ya ci sunan ba. Sau biyu ɓarayi suna zuwa, sau biyu yana mayar da su da bindigogin toka da adduna. Ya taɓa bin sawunsu har cikin daji ya dawo da mata uku da aka ɗauke a bakin rijiya. Saboda haka garin ke girmama shi. Daga baya girmamawar ta gauraya da tsoro, har ba a iya rarrabe su.

Sha'aban kuwa rumfar cajin waya gare shi a bakin kasuwa, yana haɗawa da sayar da burodi. Tare suka yi karatun allo da Sama'ilu. Wata ranar kasuwa wani ya ce ya gan shi yana ɗora wa baƙi biyu buhun burodi a kan babur, kuma baƙin sun rufe fuska. Kafin hantsi ya dubi ludayi maganar ta zama shi ne ke kai wa ɓarayi abinci da labarin gari. Aka ƙwace wayarsa, aka ga lambobi da yawa marasa suna. Ya yi ta rantsuwa cewa mai caji kowa na aron wayarsa ya yi kira. Ba wanda ya saurare shi.

Bayan makarantar firamare aka kai shi, gindin wani gawo. Nababa ya miƙa wa Sama'ilu igiya ya ce ya ɗaure. Ya kuwa ɗaure, hannu biyu ta baya, ya zagaya da ita jikin itacen ya riƙe bakin. Aka fara dukansa da kebur, aka koma gora. Tambayar ɗaya ce ake ta maimaitawa: su waye, ina sansaninsu. Sha'aban ya ambaci Allah har muryarsa ta dishe, ya ƙirƙiro sunaye don a sassauta masa, aka ce ƙarya yake aka ƙara. Da gorar ta sauka a haƙarƙarinsa, Sama'ilu ya ji karyewar ƙashin ta biyo igiya ta shigo tafin hannunsa. Bai saki ba. Sha'aban ya roƙi ruwa, Sama'ilu ya dubi Nababa, Nababa ya kau da kai. Kafin kiran la'asar wuyan Sha'aban ya langaɓe.

Yayarsa Aina'u ce ta zo ta kwance shi. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, mace mai kusan shekara hamsin, sana'arta suyar ƙuli-ƙuli da tatsar man gyaɗa. Ba ta yi kuka a wurin ba. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sa haƙori. Da ta gama ta miƙe ta bi fuskokin mazan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai hadda. Washegari 'yan sanda suka zo, garin gaba ɗaya ya ce bai ga komai ba.

Wata takwas bayan haka rediyo ya fara maganar wani ƙudurin doka a majalisar jiha kan 'yan sa-kai. An yi masa karatu na ɗaya, an yi na biyu, an miƙa shi ga kwamiti, kuma kwamitin zai zagaya ƙananan hukumomin bakin iyaka ya ji ra'ayin jama'a. Malam Abdulrashid, hedimastan firamare, ya samo kwafi daga wani abokinsa a Kano. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zauna a rumfa, yana karantawa da Turanci yana juyawa zuwa Hausa.

Sassan farko sun yi wa kowa daɗi. Za a yi wa 'yan sa-kai rajista, a ba su horo da kaki da albashi, wanda ya mutu a bakin aiki a kula da iyalinsa. Matasa har da tafi. Da aka zo sashe na tara Malam ya gyara tabarau ya rage murya. Sashen ya ce duk wanda 'yan sa-kai suka kama sai su miƙa shi ga 'yan sanda kafin faɗuwar rana, ba duka, ba azabtarwa. Ya kuma ce duk wanda aka kawo ƙarar cewa da jinin wani a hannunsa, ba za a yi masa rajista ba sai an bincika, in an same shi da laifi a gurfanar da shi. Sama'ilu ya tsinci kansa yana goga tafin hannunsa a gwiwa.

Nababa ya ce wanda ya rubuta wannan sashe bai taɓa binne mutum bakwai a rana ɗaya ba. In ka miƙa mai kai musu labari yau, jibi ka gan shi a kasuwa yana cin tsire, kai kuma a zo har gida a yanka ka. Maganarsa ta sami masu goyon baya, don an taɓa ganin haka a wani ƙauye. Ya aika wa kwamandojin garuruwan makwabta, suka shirya za su cika zauren taron ƙaramar hukuma ranar jin ra'ayi, su roƙi a zartar da dokar amma a cire sashe na tara.

Sai labari ya fito cewa Aina'u ta sa hedimasta ya rubuta sunanta cikin masu magana.

Aka tura mata dattawa. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, ta saurare su har ƙarshe. Suka ce ta bar wa Allah, ta duba cewa albarkacin Nababa garin nan yake zaune. Ta ce ta bar wa Allah tun ranar, amma Laraba, ranar jin ra'ayin, za ta shiga mota. Kwana biyu bayan haka ta dawo daga markaɗe ta tarar da awakinta uku a tsakar gida an farke musu ciki, hanji a ƙasa, ɗaya tana shure-shure. Ta ja su ɗaya bayan ɗaya ta ƙafa, ta ratsa gari da su mutane na kallo, ta jere su a ƙofar gidan Nababa. Ta koma gida ta wanke hannu ta ɗora kasko.

Ranar Talata da la'asar Nababa ya ja Sama'ilu gefe. Ya ce gobe da safe su tsare shingen kwalbati kamar kullum. In motar ta zo a sauke Aina'u, a zaunar da ita a inuwa har azahar, lokacin an tashi daga zaman, sai a sallame ta. Ba mai taɓa ta. Ya kuma tuna masa cewa in ta buɗe baki, sunan wanda ya ɗaure zai riga na wanda ya buga fitowa. Sama'ilu ya ce to. 'Ya'yansa biyar, bai sake mallakar shanun huɗa ba, kuma matarsa Sakinatu ta riga ta fara lissafin abin da za su yi in kakin ya zo. Ya gaya wa kansa cewa zama a inuwa ba ya kashe kowa.

Shingen gungume ne da ganga biyu, a kan kwalbatin da ke tsakanin gonaki. Gero ya yi tsayi har ya rufe hanyar ta kowane gefe. Sama'ilu ya zo da samari huɗu na ƙungiyar. Bai yi zaton ganin Nababa ba, sai ga shi a kan babur, ya ce zai ga an sauke ta da idonsa kafin ya wuce zauren.

Wajen ƙarfe tara motar Kamilu direba ta iso, tsohuwar Golf, a cike. Nababa ya ce kowa ya fito a yi bincike. Kowa ya fito ban da Aina'u, tana zaune a baya gefen taga da sabon mayafi. Sama'ilu ya sunkuya.

"Yaya Aina'u, ki sauko ki zauna a inuwa. Ba abin da zai same ki."

Ta ɗago ta dube shi. "Shi ma haka ka ce masa?"

Haka kuwa ya ce masa. Shi ya je rumfar caji ranar nan ya ce Sha'aban ya taso, tambayoyi ne kawai.

Nababa ya ture shi, ya fizge ƙofar, ya damƙi mayafinta ya ja. Ta zura hannun dama ta rungume ƙarfen kujerar gaba. Ya ja, motar ta girgiza, ba ta saki ba. Sai ya juya bindigarsa ya kai wa damtsen nata duka da gindinta. Ya ƙara. A na uku ƙashin ya amsa, ta yi ƙara sau ɗaya, hannun ya lanƙwashe inda babu gaɓa.

Sama'ilu ya san wannan sautin. Bai yi shawara da zuciyarsa ba, sai dai ya ji hannuwansa a wuyan Nababa ta baya. Suka zube kan tsakuwa. Nababa gajere ne amma ƙarfinsa na bijimi ne, ya kaɗa kai baya ya fasa masa baki, Sama'ilu ya ji haƙori yana yawo a kan harshensa. Kafin ya gyara, Nababa ya juyo ya zare adda daga ƙugu. Sama'ilu ya tare da hannun hagu. Kaifin ya shiga tsakanin yatsu ya gangara har tsakiyar tafi, yatsu biyu suka faɗi kan yashi. Sara na biyu ya same shi a kafaɗa. Bai ji zafi ba tukuna, sai dai ɗumi yana bin rigarsa. Hannunsa na dama ya laluba ya ci karo da dutsen da ake tokare gungumen da shi. Ya ɗaga ya sauke a gefen idon Nababa. Ya sake ɗagawa ya sauke a muƙamuƙi. Addar ta faɗi, Nababa ya mirgina ya gangara cikin ruwan kwalbatin, ruwan ya canja launi.

Fasinjoji sun riga sun shige cikin gero. Samarin huɗu suna tsaye kamar an dasa su. Ɗaya ya ɗaga bindiga ya saita ƙirjin Sama'ilu.

"In za ka harba, harba," in ji Sama'ilu, jini na fita tare da maganar. "In ba za ka harba ba, janye gungumen, ku tsamo shi kada ya sha ruwa."

Saurayin ya sauke bindigar. Biyu suka shiga ruwa, biyu suka ja gungumen.

Kamilu ya yanko robar taya ya ɗaure wa Sama'ilu wuyan hannu, ya cusa shi gidan gaba, ya ce asibiti za su. Aina'u ta ce zauren za su fara zuwa. Ya ce Inna, hannun nan ya karye biyu. Ta ce ta sani, ita ke ɗauke da shi. Tafiyar rabin sa'a ce a kan hanya mai ramuka. Duk ramin da motar ta faɗa sai Sama'ilu ya ji Aina'u ta ja numfashi ta haƙora a bayansa, amma ko sau ɗaya ba ta yi masa magana ba.

Zauren taron ya cika maƙil. 'Yan sa-kai na garuruwa sun mamaye layukan gaba, dattawa da malamai a tsakiya, mata kaɗan a can baya. 'Yan majalisa biyar suna zaune a dogon tebur, shugabansu wani mai furfura yana rubutu. Mutum bakwai sun riga sun yi magana, shida sun ce a cire sashe na tara. Masu gadin ƙofa suka tare su ganin jini, sai Malam Abdulrashid, wanda ya riga su zuwa, ya miƙe ya ce matar nan ita ce ta goma sha ɗaya a takarda, kuma ga dukkan alamu ba za ta iya jiran layi ba. Shugaban ya ɗago ya ajiye biro, ya ce a ba ta hanya.

Ta tako har gaban tebur tana tallafe da hannun dama da na hagu. Aka kawo kujera, ba ta zauna ba. Wani ya riƙe mata makirufo.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba, ban san sashe ba sai da aka karanta mini. Ƙanena Sha'aban an ɗaure shi da hantsi, ya cika kafin la'asar. Da wannan sashen yana nan, da rana ta faɗi yana hannun hukuma da ransa. In yana tare da ɓarayi, da an gane. In ba ya tare da su, da an gane. Yanzu ba wanda zai taɓa sani. Har ni da na goya shi ban sani ba. Abin da aka ƙwace mini ke nan."

Wani daga layin gaba ya ce ƙarya take, ɗan'uwanta maci amana ne. Hayaniya ta tashi. Shugaban ya buga tebur, ya tambaya ko akwai wanda ya ga abin da take faɗa. Sama'ilu yana jingine da bango kusa da ƙofa, ƙasa na juya masa. Ya ɗaga hannun da ke ɗaure da roba, aka juyo aka dube shi.

"Ni na ɗaure shi," ya ce. "Ni na riƙe igiyar har ya cika."

Ya faɗi sunan Nababa, ya faɗi sunayen mutum uku da suka yi ta karɓar gorar. Bai kai ga rufe baki ba kujerar roba ta taso ta same shi a ka. Daga nan zauren ya rikice. Aka yi ta jifa da kujeru da takalma, kwalba ta fasa wa hedimasta goshi, wani ya shaƙe Kamilu da ke ƙoƙarin kare Aina'u. 'Yan sanda suka shigo da kulake, suka fitar da 'yan majalisar ta ƙofar baya, suka ja Sama'ilu a ƙasa suka jefa shi bayan motarsu. Abin da ya iya tunawa ke nan.

A gadon asibiti ya farka, hannun hagu a naɗe, na dama da ankwa a jikin ƙarfen gado. Nababa bai mutu ba. Ya rasa ido ɗaya, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, kuma shi ma da ankwa, ɗaki biyu tsakaninsu. Da suka warke aka tura su gidan yari tare da sauran ukun, jiran shari'a.

Ƙungiyar Kwanar Ɗinya ta watse. Wasu sun gudu don tsoron kamu, wasu sun ce ba za su sake ba da ransu ga garin da ke tona asirin masu tsaronsa ba. Shingen kwalbati ya zama babu kowa. Da kaka ta yi, wata safiya ana yankan gero, ɓarayi suka shigo a kan babura fiye da ashirin. Suka harbe mutum shida a gonaki, suka tafi da goma sha ɗaya. Cikin waɗanda aka harbe har da Jamil, ƙanen Sama'ilu uwa ɗaya uba ɗaya, an same shi kife a kan damin da yake ɗaurewa.

Sakinatu ce ta kawo masa labarin ranar ziyara. Ta ce bayan jana'iza mutane suka wuce kai tsaye gidan Aina'u suka cinna masa wuta, da ƙyar aka fitar da ita ta katanga, yanzu tana Ɗanbatta wajen 'yarta. Ta ce su ma ba mai amsa musu sallama, ita da yara suka yanke geronsu. Sama'ilu ya kifa kai a kan tebur. Ya yi ta neman inda zai ajiye jinin Jamil a ransa, a wuyan ɓarayi, ko na Nababa, ko nasa, ya rasa. Sakinatu ba ta ce laifinsa ne ba, ba ta kuma ce ba laifinsa ba ne.

A majalisa kuwa, kamar yadda Sama'ilu ya riƙa ji a rediyon wani gandiroba, an kwashe zama uku ana jayayya kan sashen. Masu son a cire suka kafa hujja da mutum shida na ranar yankan gero. Masu son a bari suka karanta abin da aka rubuta daga bakin Aina'u. A ƙarshe aka yi gyara: faɗuwar rana ta koma kwana ɗaya cur, maganar bincike kuma aka bar ta yadda take. Aka yi karatu na uku, aka zartar, bayan babbar salla aka sa mata hannu ta zama doka.

Shari'arsu ta ci shekara guda da 'yan watanni. Aina'u ba ta taɓa fashin zama ba, daga Ɗanbatta take zuwa, hannun ya ɗore a karkace ba ya iya riƙe muciya. Alƙali ya ba Nababa ɗaurin da ba lalle ya fito da rai ba. Sama'ilu aka ba shi shekara bakwai, an duba cewa shi ya tona da bakinsa. Ana fita da su ya tsaya a gaban Aina'u ya roƙi gafara. Ta dube shi ta ce ta ji, amma ba ta shirya ba tukuna, in ta shirya za ta aiko. Sai ya hau mota.

A damina ta biyu da ɗaurinsa Sakinatu ta zo da labari. An kafa sabuwar ƙungiya a garin, masu kaki da lamba a ƙirji, rabinsu sababbin fuska. Makon jiya sun kama wani da jarkokin fetur a hanyar daji. Gari ya taru da sanduna, ana cewa a ba su shi. Sabon kwamandan ya ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu, suka ratsa taron ana jifansu da duwatsu, har an fasa wa ɗayansu kai.

Sama'ilu ya tambaya ko sun kai shi. Ta ce sun kai shi. Ya ce da ransa? Ta ce da ransa, sai dai ya sha mari a hanya, kuma har yanzu rabin gari na zagin kwamandan.

Sama'ilu ya dubi yatsunsa uku a kan tebur. Gandiroba ya buga ƙofa ya ce lokaci ya yi. Sakinatu ta miƙe tana gyara mayafi, shi kuma ya tambaye ta da sauri ko ta sami wanda zai yi mata huɗar gonar gyaɗa. Ta ce hedimasta ya ara musu shanunsa na kwana biyu.